Taraktar Siamoonga

"Ki taka kulocin har ƙasa! Har ƙasa na ce! Sandar giya ce wannan, ba muciya ba!"

Maƙwabcina Siamoonga ne ke faɗa daga kan kujera a bakin gonarsa, lulluɓe da bargo da rana tsaka. 'Yarsa Nchimunya tana kan tarakta. Ta cije leɓe ta sake tura sandar, injin ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya mutu.

"Baba, na taka fa!"

"Da ɗan yatsa kika taka. Kina jin tausayinta ne?"

Na ajiye masa kunun masarar da matata ta aiko, na ce, "Ka bar ta ta huta mana, tsoho."

"Mai shanu, kai da ka san wutsiya kawai, rufe mana baki."

Gaskiya haushinsa nake ji ranar. Shekara da shekaru bai yarda kowa ya taɓa ko sitiyarin jar taraktar nan ba, har ni da muka yi kiwo tare muna yara. Sai yanzu da asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa a gida ya tuna yana da 'ya. A wajenmu 'ya'yan 'yar'uwa ke cin gado, kuma nasa sun riga sun faɗa: in babu mai tuƙa taraktar a gidan, za su ja ta garin Choma su sayar. Nchimunya kuwa mijinta ya rasu, ta dawo da yara huɗu, ba ta da komai sai gonar nan.

Da ƙyar giyar ta shiga, sai garma ta ƙi. In ta sauke hannun sarrafa garmar da ke damanta, garmar ta nutse injin ya shaƙe. In ta ɗaga, sai ta bi saman ƙasa tana sosa ciyawa.

"A wace lamba zan tsayar da shi, Baba?"

"Lambobin sun goge tun kina goye. Da kunne ake yi."

"To kunnen me zai ji?"

Hannunsa ne ya san aikin, bakinsa bai taɓa koya wa kowa ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, nan take haushin ya bar ni.

"Ku ɗora ni," ya ce.

Ni kaɗai na ɗauke shi, bai fi damin kara nauyi ba. Na zaunar da shi a kan madigadi, na tsaya a matakala na riƙe shi ta ƙugu. Ya ɗora tafinsa a bayan hannunta, muka tafi a hankali.

"Kin ji ta fara nishi? Ɗaga kaɗan. Kaɗan, 'yar nan, ba tulu za ki ɗauka ba. Yauwa. Kin ji ta sake numfashi? Bar shi nan."

Muka je ƙarshen gona muka dawo. A dawowar na lura hannunsa ya zame yana kan cinyarsa, ita ba ta ma sani ba. Ƙasa tana kifewa baƙa wuluk a bayanmu.

Da na mayar da shi kujera ya ce, "Gobe ka kira 'ya'yan 'yar'uwar nan tawa su zo su ga gonar."

"Ka kira su da kanka."

"Kai dai ka kira su." Ya kurɓi kunun ya yamutsa fuska. "Matarka har yau ba ta iya sa sukari ba."

Muka zauna muna kallon Nchimunya. Ina ba shi labarin bijimina da ya karye a ƙafa, na ji bai tsokane ni ba. Na juya. Kansa ya langaɓe a kafaɗa, kofin yana hannunsa, ko zubewa bai yi ba.

Na tashi zan ɗaga mata hannu ta tsaya, sai na ga ta isa bakin gona. Ta ɗaga garma, ta juya, ta sauke, ba ƙara ba tangarɗa. Ko waiwayo ba ta yi ba don ta ga me zai ce.

Na koma na zauna. Na rufe masa ido, na karɓi kofin, na ja masa bargon zuwa wuya. Rabin gonar ne ya rage. Balbelu sun sauka suna bin bayanta a cikin sabuwar ƙasa.