Adashin Don Temo

Nelsy Cantillo ta yi shekara da shekaru a tsaye cikin rana tana sa ido a kan aikin gini, amma ranar da kamfaninsu ya sami kwangilar binne magudanar ruwa a titin unguwarsu a birnin Barranquilla, sai aka ce saninta bai isa ba. Sharaɗin kwangilar shi ne shugaban aiki ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa a tafiyar da manyan ayyuka, irin wadda wata hukuma ta ƙasar waje ke bayarwa bayan jarrabawa. Maigidan kamfanin bai yi mata kwana-kwana ba. In ta ci kafin a fara haƙa, aikin nata ne. In ta faɗi, zai ɗauko wani daga Bogotá.

Daga Bogotá fa! Mutumin da bai taɓa ganin yadda titin Barranquilla ke zama kogi kafin ka ɗaure takalminka ba. Ita a titin nan aka haife ta. Tana yarinya ta ga ruwa ya tafi da motar haya da mutanenta a ciki, maƙwabta na tsaye a bakin ƙofa suna jefa igiya, igiyar ba ta kai ba. Aikin nan tana son sa har cikin ranta, kuma tsoron ya kuɓuce mata ya hana ta sakat.

Ta sayi babban littafin da kowa ke cewa shi ne tushe. Ta shiga darasin bidiyo na wani malami mai magana kamar ana korar sa. Ta gwada jarrabawar gwaji ta intanet, ta faɗi, ta sake, ta kuma faɗuwa. Abin haushin, tambayoyin ba na siminti da rodi ba ne. Za a ce maka ma'aikaci ya yi kaza, mai aiki ya ce kaza, me za ka fara yi? Amsoshin duk su yi kama da gaskiya, kuma wadda Nelsy za ta yi a zahiri kullum ita ce ba daidai ba.

Wata rana tana cin shinkafar kwakwa da soyayyen kifi a rumfar bakin ofis, littafin a buɗe gefen faranti, sai abokin aikinta Wilfrido ya ja kujera. Shi ya ci tasa jarrabawar bara, kuma kowa ya san Wilfrido ko takardar magani ba ya karantawa har ƙarshe.

"Mutuniyar, har yanzu kina dakon bulon nan?" ya ce. "Ki ba ni shi in tokare ƙofar banɗaki."

"Kai da me ka ci?"

"Da hankali. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa jiran motar siminti ba. Ki je wurin Don Temo ki shiga adashi."

Don Temístocles, wanda ake kira Don Temo, tsohon malami ne, yana zama a ƙuryar wani shagon fotokwafi kusa da jami'a, cikin farar riga mai guga, da fanka a gabansa. Adashinsa ba na kuɗi ba ne. Duk wanda ya fito daga ɗakin jarrabawa yakan zo ya zuba masa tambayoyin da ya riƙe a ka, shi kuma ya tara, ya ba na baya. Ka ɗauka kafin ka shiga, ka zuba bayan ka fito. An daɗe ana haka a garin, injiniyoyi da yawa ta nan suka bi.

"Nawa zan biya, Baba?" Nelsy ta tambaya.

Ya yi murmushi. "Haba 'yata, ni ɗan kasuwa ne? Taimakon juna muke yi. Yau a taimake ki, gobe ki taimaki wani."

Maganar ba ta kwanta mata ba. Ta san hukumar na sa kowa ya yi alkawarin ba zai fitar da tambaya ko ɗaya ba, kuma wanda aka kama ana ƙwace takardarsa har abada. Ta kuma san banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma motocin haƙa sun riga sun fara isowa unguwa, gwajinta na ƙarshe kuma ya fi na farko muni. Ta miƙa hannu ta karɓi takardun tambayoyin.

Daga ranar ta rufe littafin. Hadda kawai ta yi, a motar haya, a bakin rami, a kan abinci.

Ranar jarrabawa tambayar farko ta fito a allon kwamfuta, sai ta ga ta san ta har da inda aka sa waƙafi. Ta biyu ma haka. Ta yi zaton za ta ji daɗi, amma ba ta ji ba. Tana danna amsoshin da ba ta san dalilinsu ba, tana jinkirtawa da gangan don kada ta gama da wuri. Da allon ya nuna ta ci, ba ta ko yi murmushi ba.

Don Temo na jiran ta a shagon kofi na tsallaken titi, ya riga ya sa an kawo mata nata. Ya ɗora wayarsa a tebur ya tura ta gabanta.

"Hannuna ya daina rubutu da sauri, 'yata. Ki faɗa, wayar ta ɗauka. Fara da cikakken sunanki da inda kika zauna jarrabawar, don kada in haɗa ki da wata."

Ta kalli wayar, ta kalle shi. Bai matsa mata ba, yana juya cokali a kofinsa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta faɗi sunanta, ta zuba sababbin tambayoyin da ta riƙe.

Aikin ya zama nata. Aka rubuta sunanta a allon bakin titi, mahaifiyarta ta sa aka ɗauke ta hoto a ƙarƙashinsa. Aka haƙa ramin, aka daddale ƙasa, aka fara kafa katakon da za a zuba kankare. Don Temo bai neme ta ba, har ta fara mantawa da shi.

Sai wata safiya tirelar rodi ta iso. Tun daga nesa idonta ya gaya mata, amma ta ɗauko ma'auni ta gwada. Kaurin bai kai abin da zane ya ce ba. Irin wannan rodin na katangar gida ne, ba na rufin magudanar da manyan motoci za su bi ta kai, ruwa kuma ya dake ta ta ciki ba.

"Kada a sauke ko ɗaya," ta ce da direban. "Ka mayar musu da kayansu."

Direban bai yi gardama ba, bai kuma tayar da mota ba. Ya jingina ya kira waya. Ba a jima ba wata tasi ta tsaya, Don Temo ya fito, farar rigarsa ko ƙura babu.

"Injiniya! Ai na ce sai na zo na ga 'yata a bakin aikinta." Ya leƙa ramin yana gyaɗa kai. "Mai rodin nan surukina ne. Yaron kirki. Duk 'yan adashinmu a wurinsa suke karɓa, ba wanda ya taɓa kawo min ƙara."

"Baba, rodin bai kai ba."

"In kankare ya rufe, wa ke gani?" Ya shafa aljihun rigarsa inda wayar take. "Jiya ma na saurari muryarki. Tas take fita, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba."

Nelsy ta koma gefe ta kira Wilfrido.

"Gadar da ka yi bara, rodin wa ka sa?"

Wilfrido ya ce, "Mutuniyar, gadar dai tana tsaye. In kika ƙi, takardarki ta tafi, kuma wanda za a kawo a madadinki ɗan adashi ne. Shi ko aunawa ba zai yi ba."

Hadari ya fara haɗowa ta wajen kogi, iskar ta ɗauke. Leburori na tsaye a kan tirela da safar hannu, suna jiran ta ce wani abu. A tsallaken ramin wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyarta, ta fito kwashe shanya, ta hango ta.

"Nelsy, Allah ya yi miki albarka!" ta ɗaga murya. "Tunda 'yar gida ce a kan aikin, mun daina fargaba."

Nelsy ta ɗaga mata hannu. Ta cusa ma'aunin a aljihu, ta juya wajen leburorin ba tare da ta kalli fuskar kowa ba.

"A sauke," ta ce.