Kanumfari a Kofi na Uku

…su goma sha biyu, masu kai abinci a otel ɗin nan, kowa da kofin gilashi a gabansa, suna jira in gaya musu abin da hancinsu yake ji. Ku juya giyar inabin a hankali. Ku sunsuna. Ku kurɓa ku tofar — wanda addininsa ya hana, hanci ya wadatar.

Ƙamshin ceri, ɗan itacen nan na Turawa, in ji takardar darasi. Ceri! Wa ya taɓa ganin ceri a ƙauyukanmu na Bali?

Ga Ratih tana ɗaga hannu, wadda aka ɗauko daga wajen wanke-wanke watan jiya.

"Pak Ketut, ni dai tabar kakana nake ji. Mai kanumfarin nan."

Ajin ya kwashe da dariya.

"Baƙo ba kakanki ya zo sha ba."

Ni na faɗa? Bakina ne, amma muryar… ta Aubertin ce, Bafaranshen da ya koya mini sana'ar. Shekararsa tara a kabari, har yau yana tsaye a bayana yana gyara mini riƙon kofi.

Singafo, shekara ashirin ke nan. Jarrabawata ta sanin giya ranar Alhamis. Ƙona gawar Baba a gida, bisa al'adarmu, ranar Alhamis. Yayata a waya — Ketut, kai kaɗai ake jira — Aubertin kuma yana goge kofi, ko kallona bai yi ba. Ka zaɓa, ya ce. Na zaɓa. Na ci jarrabawar. Suna can suna kai tokarsa teku, ni ina gaban Turawa uku ina cewa ceri, ceri…

Ratih ta sunkuyar da kai. Tana soke abin da ta rubuta, layi biyu, da ƙarfi. Tana rubuta nawa: ceri.

Me ya kai hancina cikin kofin? Na daɗe ba na sunsunawa, hadda kawai nake zubawa.

Kanumfari.

Rigar Baba in ya dawo daga gonar shinkafa, hayaƙi da gumi, ya ɗora ni a wuya…

Yarinyar ce da gaskiya.

In gaya mata? Gobe mai yi musu gwaji zai zo, ceri yake son ji. In ta ce kakana, sai wanke-wanke kuma. In na yi shiru fa — shekara ashirin nan gaba, muryar wa za ta fito daga bakinta?

Suna kallona. Kofi na huɗu ake jira.

Kwalbar tana hannuna… na kasa karkata ta.