Gonar Gwajin Malam Hambali

Laifin Malam Hambali ɗaya ne: gonarsa a bakin titi take. Duk motar da ta taso daga Kabo za ta shiga Dugabau sai ta wuce ta gabanta. Shi ya sa da Zayyad malamin gona ya fito neman inda wata ƙungiya za ta yi gonar gwaji, bai wahalar da babur ɗinsa ba, nan ya tsaya.

"Baba, bana ka haƙura da gero," in ji Zayyad. "Ga irin wake mai saurin nuna, ga taki, ga maganin feshi, duk kyauta. Sharaɗin kawai, kada ka yi roro sai manyanmu sun zo sun gani da idonsu."

Gonar ke nan guda, ita ke cika rumbun da Hambali da matarsa Bushira da 'ya'yansu ke ci shekara. Bushira ta ce ko rabi ne a bar wa gero. Ya ce ai masu ilimi sun fi su sani. Aka kafa allo mai sunan ƙungiyar a bakin gona.

A faɗi gaskiya, irin bai yi ƙarya ba, Zayyad kuma ya san aikinsa. Wake ya yi 'ya'ya har masu wucewa na rage gudu. Sai dai tun damina na tsakiyarta ya nuna, kwanso ya bushe. Maƙwabta suka ce, "Malam, ka rore abinka, ka ga hadari kullum haɗuwa yake."

Ya kira Zayyad a waya. Aka ce sati mai zuwa suna tafe. Satin ya zo, aka ce shugaba ya tafi taro Abuja. Su da ke zaune ƙarƙashin fanka, ina ruwansu da hadari?

Ruwa ya yi ta dukan waken, rana ta biyo baya ta fasa kwanson. Wanda ya zube ya tsiro, wanda ya rage ya yi baƙi da fumfuna. Wata safiya Bushira ta ɗauki ƙwarya ta nufi gona, Hambali ya tare ta a zaure.

"Alkawari kaya ne, Bushira."

"To, Malam, alkawarin za mu dafa wa yara?"

Ranar da manyan suka ga damar zuwa, Zayyad ya riga su isowa. Ya dubi gonar Hambali. Ya tuge allon, ya ɗaure a babur, ya kai gonar Alhaji Dalhatu, wanda ya yi shuka a makare, wakensa na nan shar. Can aka yi jawabi, aka sha lemo.

A hanyar komawa wata Hajiya cikin baƙin ta hango gonar da ta lalace, ta sa aka tsaya. Hambali na tsugune a bakin kunya.

"Nan kuma me ya faru?" ta tambaya.

Zayyad ko ƙifta ido bai yi ba. "Ranki ya daɗe, irin abin da muke fama da shi ke nan. An ba shi iri, an ba shi taki, ya zauna ya bar amfani ya ruɓe."

"Baba, haka aka yi?"

Hambali ya dubi Zayyad, yaro sa'an ɗansa, yana zufa a gaban iyayen gidansa. Abin da ya fi ban haushi ke nan: har a lokacin, asirin wani yake tunanin rufewa.

"Haka ne, ranki ya daɗe."

Hajiya ta yi masa nasiha a kan sakaci, aka ɗauki hotonsa da gonar, aka ba shi hula mai tambarin ƙungiya.

Da ya isa gida ya miƙa wa Bushira hular. Ta juya ta, ta leƙa cikinta, ta miƙa masa abarsa.