Koren Da Ya Ɓace a Kwamfutar Baba Direba

"Wallahi gogewa ta yi," in ji Mai Ɗinki, ta tare Malama a tsakiyar matakala. "Duk bidiyon marigayiya matar Baba Direba, surukar nan ta share su tas, wai ya cika kallo. Shi ya sa tsohon ya daina cin abinci."

"Kin gani da idonki?"

"Kowa a gidan nan ya sani."

"Kowa a gidan nan ya san na mutu bara," Malama ta ce, ta raɓa ta ta ci gaba da hawa, tana dafa gwiwa. Ta tsufa tana koyar da lissafi, kuma amsar da duk aji suka haɗu a kanta ita take fara tuhuma.

Baba Direba, wanda ya ƙare ƙarfinsa a tuƙin bas, yana kwance ya juya wa ɗaki baya. Ɗansa yana aiki a nesa, matar ɗan ce ke jinya. Ta buɗe wa Malama ƙofa da kwanon da ba a taɓa ba a hannu, idanunta sun faɗa.

"Mama, har gaisuwata an daina amsawa a matakala."

"Kawo min kwamfutar."

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce, ta tsufa, an ɗaure murfinta da salatif. Malama ta gyara tabarau ta yi ta bincike har ta ga bidiyoyin a jere, ko ɗaya bai ɓata ba. Abin da babu shi ne manhajar da yake kallonsu da ita, mai koren tambari da manyan haruffa, wadda ke jin rimot. Hannun tsohon yana rawa, rimot kaɗai yake iya dannawa.

"Direba, ga matarka nan, ba ta je ko'ina ba."

"Na nuna masa," surukar ta ce. "Ya ƙi ko juyowa."

"A cikin koren take," ya ce da bango. "Koren kuwa ya tafi."

"Yaushe ya tafi?"

"Wani ɗan akwati ne ya yi ta fitowa a allo yana tambayata. Kullum sai ya fito. Na ga ba daɗi mutum ya yi ta roƙonka, na ce masa to."

Malama ta sauke tabarau. Wato kwamfutar ta nemi izinin sabunta kanta, ya ba ta, sabon tsarin kuwa bai zo da koren ba.

"Kai da ka sha tsayar da bas a inda babu tasha don an roƙe ka, me zai hana?"

Kafaɗarsa ta motsa, kamar dariya.

Ta lalubo inda ake mayar da kwamfuta tsohon tsarinta. Gargaɗi ya fito, ta karanta shi sau biyu tana bin layi da yatsa, don in ta kuskure, abin da ake zargi ne zai tabbata, kuma a hannunta. Ta yi bismillah ta danna. Allo ya yi baƙi. Wani siririn layi ya fara rarrafe. Surukar ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gado, kafin a jima barci ya sace ta, kwanon yana cinyarta. Rana ta bar taga ta koma kan kabad. Bayan Malama ya ƙage, amma ba ta tashi ba.

Da allon ya dawo, ga koren a kusurwarsa. Ta sa masa rimot a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ja motarka."

Ya juyo da ƙyar, ya danna. Wata mata ta bayyana tana shanya kaya, ta harari mai ɗaukarta. "Ka ajiye abin nan ka zo ka riƙe min igiya, malalaci!"

"Ina zuwa," Baba Direba ya ce.

Ya karɓi cokali kaɗan a ranar. Washegari bai karɓa ba. Mako bai zagayo ba ya cika, da hantsi, rimot ɗin yana ƙarƙashin hannunsa.

Mata suka cika falo. Surukar tana zagawa da ruwa, ana karɓa ba a kallon fuskarta. Mai Ɗinki ta matso kusa da Malama ta rage murya.

"Kin dai ga inda baƙin ciki ya kai shi."

Malama ta karɓi kofi daga hannun surukar, ta sha, ta yi magana yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Ba ta goge komai ba. Shi ya danna da hannunsa. Kuma ya ga matarsa kafin ya tafi."