Wurin Hajiya a Bayan Mashin

A Ƙungiyar Hannu Biyu ta Kafanchan akwai doka ɗaya da ba a taɓa yi mata kwaskwarima ba: ba a fita aiki mutum ɗaya. Sabulu za a kai gidan yari, ko kunu asibiti, ko masara ga tsofaffin ƙauye, to Musulmi ɗaya, Kirista ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun ga garin nan a ranakun da ake tare hanya a tambayi mutum sunansa, shi ya sa suka ce kowa ya fita da bakin da zai yi magana a madadinsa. Ranar da aka haɗa ka da abokin tafiya, goro ɗaya za a fasa muku a gaban taro, kowa ya tauna ɓari. Shi ke nan, an ƙulla.

Malama Lucy, wadda ta yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare, ta ci nata ɓarin ne da Hajiya Rahmatu mai sayar da citta a kasuwa. Kai, in ka hango su a kan mashin sai cikinka ya ƙulle! Lucy siririya kamar tsinke tana tuƙi, Hajiya ta cika baya tam, hannu ɗaya rungume da buhu, ɗayan ya damƙe ƙugun Lucy, kowane rami aka faɗa sai ta ce, "Malama, a hankali, ina da marayu!" Alhali 'ya'yanta duk sun yi aure, ubansu kuma yana nan daram. Kowace Talata hanyarsu ƙauyen Madakiya, wurin Mama Hellen, wata tsohuwa makauniya da ba ta da kowa sai kajinta.

Wata Juma'a a farkon damina Lucy ta tafi garin Gidan Waya bikin yaye 'yar ƙanwarta, waya a kashe cikin jaka. Da safiyar nan Hajiya ta yanke jiki ta faɗi a rumfarta. Kafin Lucy ta kunna waya ta kamo hanya, la'asar ta wuce. Ta tarar da tabarmi a ƙofar gidan Hajiya, mata jugum a tsakar gida, takalman Hajiya a bakin ɗaki.

"Ina take?" ta tambaya.

"Ai an kai ta tun bayan masallaci," in ji wata dattijuwa. "Sai haƙuri, Malama."

An kai ta! Lucy ta san haka al'adarsu take, ba baƙuwa ba ce a garin nan. Amma sanin kai daban, na zuciya daban. A wurin su Lucy Kiristoci gawa takan jira dangi su taru, a buɗe akwati, a ga fuska, a yi waƙa har murya ta dushe. Ita kuwa ba ta ga komai ba sai takalma. Ta zauna cikin mata ta yi ta neman hawaye, ko ɗigo bai zo ba.

Da Talata ta zagayo ta ɗaure masara a mashin ta tafi Madakiya ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba. Niyyarta ta sanar da tsohuwa rasuwar. Mama Hellen tana zaune a gindin mangwaro, ta ji tsayuwar mashin, ta jawo kujeru biyu 'yan tsugunne kamar kullum. Ai ta san doka, 'yan Hannu Biyu ba sa zuwa ɗaya.

"Sannu Malama," ta ce. Sai ta juya fuska hagu, inda babu kowa. "Sannu Hajiya, yaya hanya?"

Lucy ta buɗe baki. Tsohuwa ta karkata kai tana sauraro, can sai ta fashe da dariya, ta ce da irin Hausarta mai mayar da mace namiji, "To, madalla. Ya ce kin kusa kayar da shi a gada."

Tsigar jikin Lucy ta tashi, domin kuwa a gadar nan tayar baya ta zame mata da gaske. Maganar da ta zo da ita ta koma ciki. Ta juye masara, ta share tsakar gida, ta yi sallama.

Daga ranar ba ta ƙara ɗaure buhu a baya ba, sai a gaba tsakanin ƙafafunta. In ta bar gari ta wuce layin dogo, sai ta ji mashin ya yi nauyi, bayansa ya lotsa. Wani lokaci ƙanshin busasshiyar citta ya biyo ta, alhali gonakin hanya ko tono ba a fara ba. Tana rage gudu tun kafin rami. Tsoro take ji, ba ƙarya. Amma Talatar ce kaɗai ranar da ba ta jin kaɗaici, kuma da a raba ta da tsoron nan gara a raba ta da abinci. Kowane zuwa tsohuwa sai ta gaida Hajiya, ta saurara, ta faɗi abin da ta ce.

To, Kafanchan ba a ɓoye tafiya. 'Yan acaba sun gani, magana ta kai kunnen shugaban ƙungiya, Alhaji Misbahu. A taron wata, bayan wani ɗan ƙungiya, Sambo, ya buɗe da addu'a an raba lemo da cincin, sai Alhaji ya gyara zama.

"Malama Lucy, ke uwa ce a nan, ba mai gaya miki doka. Mun yi shiru don muna ganin zafin rashi ne. Amma damina ta kusa ƙarewa kina bin hanyar nan ke kaɗai. In wani abu ya same ki, me za mu ce wa 'ya'yanki?"

"Wa ya ce ni kaɗai nake zuwa?"

Maganar ta kuɓuce mata ne. Mista Bartholomew, ma'aji, ya ajiye kwalbarsa a hankali, matan da ke gefe suka sunkuyar da kai.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya sassauta harshe. "Ga Amatullahi nan, ma'aikaciyar jinya, ta daɗe da shigowa ba ta da abokiyar tafiya. Ko dai ku ci goro yau, ko Sambo da Bartholomew su karɓi Madakiya. Ba don mugunta ba, Malama."

Lucy ta dubi farantin goro. In ta ƙi, an raba ta da hanyar, da tsohuwar da ita kaɗai ke jin muryar Hajiya. In ta ci, ta ba da wurin zaman. Ko ta ina aka bi, ita ce a ƙasa. Ta miƙa hannu, aka fasa goro, ta tauna ɓarinta. Aka yi tafi, Bartholomew ya rufe da addu'a, kowa ya zo yana yi musu barka.

Ranar Talata Amatullahi ta zo da wuri, da jakar awon jini a kafaɗa. Yarinya ce mai ladabi, ba abin da za ka kushe. Ta ce, "Mama, in hau?" Lucy ta gyaɗa kai. Ta hau, ta zauna daidai wurin, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu. Har suka wuce layin dogo Lucy tana jira. Suka haye gada tana jira. Mashin sai gudu yake sakayau kamar ba a ɗauko kowa ba.

Mama Hellen ta ji sawu biyu, ta ɗaga kai.

"Mama, ga Amatullahi, 'yar ƙungiya ce," in ji Lucy. "Za ta duba miki jini."

"Sannu 'yata, zauna." Tsohuwa ta laluba ta kama hannun yarinyar ta shafa. Sannan ta juya hagu, fuskarta a sake. "Sannu Hajiya, yaya hanya?"

Ta karkata kai. Kaji suna tono a gindin rumbu. Amatullahi ta dubi Lucy.

"Hajiya?" tsohuwa ta sake kira, da ɗan ƙarfi. Ta jira, ta jira, murmushin ya gushe. Ta juyo da fararen idanunta wajen Lucy.

"Malama, me kika yi masa? Yau bai amsa ba."

"Ta rasu, Mama," Lucy ta ce. "Hajiya ta rasu."

Tun da abin ya faru, yau ne bakinta ya fara furta shi. Ta zube a ƙasa kusa da buhun masara, ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihun da sai da maƙwabta suka fito da gudu suna tambayar wa ya mutu.