Ƙofar da Ba Ta Bushe Ba

Sati uku Saudatu ta yi tana gina ƙofar ganuwar nan a cikin wasan kwamfuta, bulo bayan bulo: hasumiya biyu, gadar da ake ɗagewa, ƙyauren ƙarfe, irin na sarakunan Turawan dā. Ƙarfe huɗu na yau za a rufe gasar makarantarsu, ga shi ta riga ta cika wa 'yan ajinsu baki.

Kuskurenta ɗaya, ta koya wa kakanta, Malam Ɗalha, yadda ake danna abin. Tsohon magini ne, rabin sorayen unguwar Mandawari aikin hannunsa ne, to shi kuwa uban wa zai yi gini a gabansa ya yi shiru? Don ta huta da surutu ta nuna masa inda ake ɗora bulo da inda ake cirewa. Sannan ta tafi unguwar Kabara kai saƙo.

Ƙarfe biyu ta dawo, ta leƙa allon, ta dafe kai.

"Innalillahi! Malam, ina ƙofata?"

"Na rushe," in ji shi, ko a jikinsa. "Wane irin gini ne mutum yana bakin titi yana hango tsakar gida? Ƙofa ba ta kallon ƙofa, amarya. Baƙo ya shigo soro, ya karya kwana, ya yi sallama."

"Ba gida ba ne, gidan yaƙi ne!"

"To maƙiyi ne ya fi cancanta ya ga matan gida?"

Abin haushin ma, ko rufi bai yi ba. Ya ɗora layi ɗaya a saman bango, ya naɗe hannu, wai sai ginin ya sha iska.

"Malam, bulon kwamfuta ne! Ba ya bushewa!"

"Haka masu gaggawa ke cewa, damina ta ba su amsa."

Kai, wannan tsoho! Allah Ya so ta ajiye kwafin tsohon ginin, dannawa ɗaya zai dawo da shi. Ta fizgo kwamfutar a fusace, ta kai yatsa. Sai idonta ya tsaya a kan aikinsa: dakali a hagu, 'yar taga can sama, alkukin ajiye fitila. Soronsu ne sak, wanda ruwa ya kayar tana firamare, aka maye gurbinsa da na siminti.

"Shekara tara rabona da ɗora tubali," ya ce yana kallon hannunsa. "Wannan kuwa ba shi da nauyi."

Saudatu ta ja tsaki, don ta ji idonta na neman kawo ruwa, kuma ba ta son ya gani.

"Matso. Amma wallahi ba mai jiran bushewa."

Ita ke dannawa, shi ke faɗa. Sau uku ya sa ta rushe rufin. Zankon saman soron ma sai da aka yi rigima a kansa, wai ya karkace. Saura minti biyar ta buɗe shafin gasar. A gurbin sunan magini ta goge nata, ta rubuta Ɗalha Mandawari, ta tura. Ta san ƙofar Turawa alƙalan gasar suka nema, ta san gobe za ta sha tsiya a aji.

Malam Ɗalha ya matso da fuska jikin allon, ya daɗe yana bin sunan da yatsa. Can ya share ido da bakin rawani.

"Har kin tura? Amarya, bai fa bushe ba."