Tukunyar Doña Briceida

Ni dai doka ɗaya gare ni a masaukina, kuma ba na wasa da ita: kowa ya rubuta sunansa a jikin abincinsa kafin ya sa a firji, wanda kuwa ya taɓa na wani ya tattara komatsansa ya ƙara gaba. Munshari na yafe, yashi a kan katifa na yafe, jiƙaƙƙen tawul da ake rataya mini a jikin fanka ma na gaji na daina magana. Amma ban da firji. Ɗaki ɗaya ne cike da gadaje masu hawa biyu, kowa da talaucinsa, in aka fara cinye ƙwan juna to gidan ya watse.

Efraín ya fi kowa daɗewa a ɗakin. Yana koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a kan allo, da safe kuma ya share mini tsakar gida. Rana ta ƙona shi, ya tara suma, yana haɗiye ƙarshen magana irin namu na 'yan bakin teku, duk wanda ya tambaye shi asalinsa sai ya ce a Santa Marta, nan bakin teku, aka yanke masa cibiya. Mu kuwa mutanen gaɓa ba mu da abin yi da ya wuce tsokanar mutanen kan duwatsu, masu fararen ƙwauri da ke shiga teku da safa a ƙafa. Babu wanda ya kai Efraín iya kwaikwayonsu, har baƙi kan riƙe ciki don dariya.

Ran wata Juma'a da hantsi, zafi kamar a gasa masara a ƙasa, sai ga wata gajeriyar dattijuwa a ƙofa. Baƙar hula a kanta, bargon ulu a kafaɗa, ta rungumo kwali ɗaure da igiya, dankali na leƙowa ta ɓarakarsa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, nan ne ɗana Efraín yake?"

Ban ma tambaye ta daga ina take ba. Mutanen Boyacá, can kan duwatsu, su ne kaɗai ko akuya ce ta tare musu hanya sai sun ce mata ranki ya daɗe. Sunanta Doña Briceida, Doña kuwa a wurinmu kalmar girmama mace ce. Ta ce shekaru sun yi nisa ba ta sa yaron a ido ba, shi ya sa ta bar wa maƙwabciya shanunta ta hau mota, kuma ranar Lahadi za ta juya.

Muna cikin haka Efraín ya shigo da allonsa. Yana hango hular ya ƙame, sannan ya ja ni bayan kicin.

"Doña Nohemí, don girman Allah ki rufa mini asiri. A ce baƙuwa ce kawai. In yaran nan suka ji, na shiga uku."

Na wanke shi tas, na gaya masa ko kaguwa ta san raminta. Abin da ya manta shi ne bangon kicin ɗina na gora ne, ko tarin sauro ana ji ta ciki. Da na dawo tsohuwa ta gyara hularta ta ce a hankali, "Ranki ya daɗe, ni baƙuwa ce. A ba ni gado na ƙasa, gwiwa ba ta hawa." Wallahi abin ya soke ni a zuciya, na kasa haɗa ido da ita.

Haka ta zauna cikin 'yan yawon duniya. Kafin la'asar ta ninke wa kowa kayansa, ta ɗinke wa Lucho ɗan Chile wandonsa da ya daɗe yana nuna mana abin da ba mu tambaya ba. Milagros 'yar Ajantina ta kwanta barcin rana da ɗan kayan wankanta, ta farka sharkaf da gumi, an lulluɓe ta da bargon ulu don kada sanyin fanka ya kama ta. Teku kuwa ga shi nan bayan bishiyoyin kwakwa, ana jin rurinsa har cikin ɗaki, tsohuwa ba ta taɓa ganinsa ba a rayuwarta, amma ta ƙi zuwa. Kowa ya ce zai raka ta, sai ta yi godiya ta ce akwai wanda take jira. Efraín zai wuce ta gabanta ya ce, "Sannu, Doña." Ita kuma ta ce, "Yauwa, samari." Ni ina gefe ina cizon yatsa, don na san motar Lahadi ba ta jiran kowa.

Ran Asabar na shiga gari cika tukunyar gas. Tun daga bakin titi na jiyo ƙamshi, na ƙara sauri, domin baƙina ba su iya dafa komai ba sai taliya da ruwan tumatir. Na tarar da babbar tukunyata ta biki a kan murhun itace a tsakar gida tana tafarfasa, Doña Briceida na juyawa. Na buɗe firji: fayau, sai gorar ruwa. Kajin wannan, kabewar waccan, kifin da Lucho ya yi kwana da kwanaki yana tunƙaho da shi, rogo, masara, agade, duk sun haɗu da dankalin Boyacá sun zama farfesu. Ledojin kuwa ta wanke su ta shanya a igiya, kowace da sunan mai ita.

Bayanin da ta yi mini bai da tsawo. Tun jiya take ganin yara kowa na cin abinci a tsaye shi kaɗai daga cikin kasko kamar marayu, abin ya hana ta sukuni. Da ta ga sunaye a jikin ledoji sai ta ce kai, yara masu tarbiyya, kowa ya kawo gudummawarsa ya rubuta suna don a san wanda za a sa wa albarka.

Baƙi suka dawo daga wanka da yunwa, kowa ya leƙa firji ya fito da fuska a murtuke. Lucho ya tsaya kan tukunya yana neman gawar kifinsa. Milagros, wadda ba ta cin nama, ta ga kabewarta na iyo da cinyar kaza, ta juyo kaina. Ta tuna mini cewa watan jiya na kori ƙawarta a kan rabin gwanda, ta ce ko dokar ta matasa ce kaɗai? Gaskiya ta faɗa, kuma na tsani ranar da yarinya za ta fi ni gaskiya a cikin gidana.

Na ja tsohuwa gefe na gaya mata dokar. Ba ta yi gardama ba. Ta goge hannu a zanenta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri, ta ce a bar farfesun ya ƙara nuna kaɗan kafin a sauke. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da hularta da kwalinta wanda babu komai a ciki yanzu. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Efraín, ruwa na ɗiga daga sumarsa. Ta ratse za ta wuce, ta ce, "Gafara, samari."

"Mama, ajiye kwalin nan."

Da muryar kan duwatsu ya faɗa, a hankali, kowane harafi a zaune. Ya jingine allon, ya karɓi kwalin, ya juyo gare mu idonsa ya yi ja.

"Mahaifiyata ce. Ni ɗan Boyacá ne, a gonar dankali na girma. A gidanmu ba a ɗora tukunyar mutum ɗaya. Doña Nohemí, in korarta za ki yi, ki haɗa da ni."

Sai Lucho ya sosa ƙeya ya ce, "To sai me, ɗan'uwa? Ai mun daɗe da sani."

Ashe duk ɗakin babu wanda bai sani ba. Wa zai ɓoye asali a ɗakin da ake jin juyin kowa? Lucho ya ce wa ke kwana da safa a ƙafa a wannan zafi in ba ɗan kan duwatsu ba? Wani ya ce ya sha kama shi yana jefa cuku a cikin cakulan mai zafi irin yadda 'yan Boyacá ke yi, in ya ga ba kowa a kicin. Milagros, wadda gadonta ke ƙarƙashin nasa, ta ce ko cikin magagin barci ranki ya daɗe yake ce wa sauro, kuma tun jiya ta ga hancinsa a fuskar tsohuwa. Dariya ta ɓarke, Efraín ya rasa inda zai sa kansa, uwar kuwa ta kai hannu tana share masa yashi a kumatu.

Na yi gyaran murya na yanke hukunci: abincin da mai shi ya ci da bakinsa ba a ce an sace shi ba, saboda haka kowa ya ɗauko kwano, wanda ya ƙi ci shi ne mai ƙara. Ba a samu mai ƙara ba. Milagros ta ce tunda kazar ta riga ta mutu, za ta tsinci dankali kawai, na ga kuma ta koma tukunya har na daina kallo. Doña Briceida ta zuba wa ɗanta a ƙarshe, ta tsince masa albasa tas ba tare da ta tambaye shi ba.

Da rana ta yi sanyi ya kama hannunta suka nufi bayan bishiyoyin kwakwa, mu duka muna biye kamar 'yan rakiyar amarya. Ta daɗe a tsaye tana kallon ruwan. Sannan ta tuɓe takalmi ta jera su a kan yashi, ta doshi kumfar teku da safarta ta ulu har gwiwa. Lucho ya buɗe baki, na mintsine shi.

Efraín ya ce mata ta ɗan jira shi. Ya ruga masauki da gudu, ya dawo sanye da tasa safar ta barci, ya kama hannun uwarsa suka shiga tare.